Motar Damagaram, garantin Yamai

Wata Laraba cikin watan Nuwamba, kasuwar riɗi ta buɗe ke nan, direban yayana ya kira ni daga hanyar Magarya ya ce wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari, motar kuma ta ƙi ja. Yana take totur har ƙasa, ita tana tafiya kamar amalanken shanu. Motar nan ba tsohuwa ba ce. A-kori-kura ce mai gida biyu, mai shan gazwal, wadda yayana ya sayo sabuwa dal a Yamai wata 14 kafin ranar, da ledarta a kujeru, ko kilomita 40,000 ba ta cika ba. Shekara da shekaru yana hawan ƴan Kwatano, ya gaji da kwanan daji, ya ce wannan karon kwanciyar hankali zai saya. Ni ke riƙe masa littafin shago, don haka ni na ƙirga kuɗin, ni kuma aka damƙa wa takardar garanti mai cewa shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa.

Na kira lambar da ke jikin takardar. Wata mata ta ɗauka da Faransanci, da ta ji bakina ta juya Hausa. Abu biyu ta faɗa mini: a kawo motar Yamai, kuma kada a bar kowa ya sa mata hannu, in aka taɓa ta garanti ya tashi. Na ce, "Hajiya, daga Damagaram fa nake kira." Ta ce ta gane, amma ƙa'ida ke nan. Wanda ke zaune a Yamai zai ce to mene ne a ciki. Kusan kilomita 900 ne a ciki: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan ka hango Yamai. Bas mai lafiya yakan tashi da asuba ya isa cikin dare. Mu da mota mai ciwo kwana biyu muka yi, muka yada zango a Ƙonni. Kano, wadda ke wata ƙasa dabam, ba ta kai sulusin wannan tafiyar ba.

Bari in fara da alherinsu, kada a ce ɓacin rai ne ke magana. Garejin kamfanin tsaf yake. Ga sanyi, ga kujeru masu laushi, aka kawo mana ruwa. Wani saurayi mai fararen kaya ya zagaya motar da takarda yana rubuta duk ƙwarzanen da ke jikinta, ya duba yawan man da ke tanki, ya sa na sa hannu. Wannan ya burge ni, domin a garejin unguwa sai ka bar mota da rabin tanki ka dawo ka tarar allura ta kwanta, ka tambaya a ce maka gwaji aka fita. Ya karɓi makulli ya ce mu dawo jibi. Na roƙa a haɗa ni da makaniken da zai duba ta, ga direba nan ya gaya masa yadda abin ya faro. Ya yi murmushi ya ce baƙo ba ya shiga ciki, shi zai isar da saƙo. Ta gilashi na hango motarmu ta shige, aka ja ƙofa.

Jibin nan sai da ta zama kwana 11. Kullum da hantsi in kira ko in je da ƙafata, amsar guda ce: "Ana kai, Alhaji, a ƙara haƙuri." Wanda ya karɓi motar yau yana taro, gobe ya fita da wasu baƙi, wanda ka tarar kuma ba shi ke da takardarku ba. Ina kwana gidan wani ɗan'uwa har na fara jin nauyin matarsa, direba yana cin kuɗin abinci a zaune, can gida kuma yayana yana hayar motar wani don kada kasuwannin Dungas da Bande su wuce shi. A rana ta 11 aka miƙo mini takarda shafi biyu da Faransanci. Famfon gazwal da injekta huɗu masu fesa man cikin injin sun lalace, sanadi gurɓataccen mai, garanti bai shafi wannan ba, kuɗin gyara sefa miliyan 1 da jika 900 har da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Ina cikin karantawa idona ya faɗa kan kwanan watan da ke saman takardar. Tun rana ta biyu aka buga ta.

Masu ba da irin wannan labarin a majalisa sukan rufe da cewa ai duk ɓarayi ne. Ni ban bi su can ba, kuma ban ce an yi mana ƙarya ba. Da na matsa wa direba a daren, ya amsa cewa in mai ya yanke masa a ƙauye wurin ƴan ruwa-ruwa yake sha, daga jarka. Ina zai ga gidan mai a can? Injin gazwal na yanzu kuwa ba na da ba ne. Famfonsa yana matsa man da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, ya fesa shi ta ƴan ƙofofin da ba su fi kaurin gashi biyu ba, kuma man ne da kansa ke zame wa famfon maiƙo. Ruwa kaɗan ko ƙura su shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ɓarɓashin ya bi bututu ya kashe injekta ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, takan haɗiye abin da aka zuba mata ta yi tari ta wuce Tanut abinta. Sabbin injuna ba su da wannan yafiyar. Saboda haka ta yiwu sarai laifin manmu ne.

Ƙarata a kan kwana 9 ɗin nan take, da takarda ta yi a kwance kan tebur ina zuwa ina komawa ana ce mini ana kai. Da an gaya mini a rana ta biyu, da na kira Yaya mun yanke shawara kafin la'asar, ko a gyara ko mu ɗora ta kan babbar mota mu koma gida. Sai kuma ranar ciniki, da aka ɓata kusan awa guda ana koya mana yadda ake haɗa waya da rediyon motar. Adireshin Zinder ne a kan duk takardun, sun san inda za ta yi aiki da irin man da ke can. Ba wanda ya buɗe gaban motar ya ce wa direba, ga matatar gazwal, ga inda ake kwance mata a zubar da ruwan da ta tara, ga fitilar da ke nuna ruwan ya yi yawa, ka riƙa yawo da matata guda ta ajiya. Maganar minti biyar ce, ta miliyan biyu saura kaɗan. Na uku, da na ce a nuna mini man da aka samu a tanki da kayan da aka ciro, sai aka dube ni kamar na zagi wani. Sai shugaba ya yarda. Bayan an gama gyara, da na kafe, aka miƙo su cikin kwali ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba.

Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, kuma can na samu duka biyun. Abin da na lura shi ne kamfanoni sun ɗauki kula da mai hulɗa a matsayin fara'a da ruwan sanyi da kiran mutum Alhaji ko bai taɓa zuwa Makka ba. Wanda ya kawo mota gyara yana son sanin me ya same ta, nawa ne, yaushe za ta fito, kuma yana son ya gani da idonsa. In an ba shi wannan, ko kan benci aka ajiye shi a rana zai tafi yana godiya. Mu wannan ba baƙon ilimi ba ne da sai an kawo mana daga waje. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Birni ya ji cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a nan tun kaka da kakanni, an faɗa ƙarara cewa masu sana'a su ke ɗaukar lamunin abin da aka bar musu suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Hikimar a fili take. Wanda ya shige da kayanka bayan ƙofa, kai ba ka gani, shi ya kamata ya kawo hujja. A garejin kamfani an juya abin: su ke rufe ƙofa, su ke yanke hukunci, kai kuma in ka nemi shaida ka zama mai tsaurin ido.

Zaman kwana 11 bai tafi a banza ba, don ya nuna mini dalilin. Na zauna ina ƙirga masu shigowa. Fararen motocin ƙungiyoyin agaji masu dogon eriya, motocin ma'aikatu, na kamfanonin haƙar ma'adinai da na man fetur. Biyar-biyar, goma-goma suke zuwa, da yarjejeniyar shekara. Direba ya ajiye makulli ya sa hannu ya tafi shan shayi, domin kuɗin ba daga aljihunsa za su fito ba, in motar ta yi wata guda akwai wata a ofis. Waɗannan su ne masu gidan. An tsara yinin ma'aikata a kansu, kuma ba zan ga laifin ɗan kasuwa don ya bi inda kuɗi suke ba. Sai dai wurin da ya saba da mai biya ba tambaya, yakan manta yadda ake amsa tambaya. Irina mai mota ɗaya, mai ƙirga jika-jika, mai cewa don me aka canza huɗu ba biyu ba, ya zama ƙarin aiki. Saurayin nan mai fararen kaya ba mugu ba ne. Na tabbata da ya ga takardarmu a rana ta biyu ya ce bari in sallami waɗannan tukuna, su kuwa ba sa ƙarewa.

Yanzu mu dawo gida. Makanikenmu dattijo ne a Sabon Gari, ƙarƙashin bedi, shekara 20 yana duba motocin gidanmu. In ka kai masa mota ba ya karɓar makulli ya sallame ka. Zai ce tayar, ya kafa sukudireba a jikin injin ya kara kunne a ƙotar, ya tambayi direba tun yaushe, da safe ne ko in ta yi zafi, a yashi ko a kwalta. Ya kwance abu ya miƙo maka a hannu: "Dubi nan, Malam, ka ga inda ya ci?" Ko ba ka san komai ba za ka ga ya ci. In ba ka da kuɗi ya ce kawo rabi, in ka lalace a Mirya da tsakar dare ya hau babur da yaronsa ya zo. Ba shi da takarda ko ɗaya, amma yana da abin da ya fi ta tsoro: gobe za ku haɗu a masallaci, jibi a wurin suna, kuma in ya cuce ka kafin Alhamis labari ya zagaya kasuwar Dole.

Kada dai in yi masa waƙa fiye da kima, shi da abokan sana'arsa. Su ma suna da tasu jibin, sunanta gobe in Allah ya yarda. Kuɗin kayan da ka bayar yau su ake gama motar wani da su, kai kuma ka jira na bayanka ya kawo nasa. Mota ta yi zafi, a cire ɗan abin nan da ke daidaita zafin ruwan injin a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne, alhali injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai yana saurin cinyewa. Fitila ta kama a gaban sitiyari, a gwada wannan a gwada wancan da kuɗinka, in ta ƙi mutuwa a zare mata ƙwai. Kayan gyara kuwa in aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, iri uku za a lissafa maka, na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da mai araha, kwalinsu kuma kusan iri ɗaya, sai Allah sai amanar wanda ka aika. Bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da iyakoki suka rufe kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, mai arahar nan ya ƙara samun kasuwa don na asalin ya fi ƙarfin mutane.

Babbar matsalar ma ita ce kunne da sukudireba sun fara gazawa. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta ta faɗi inda ke mata ciwo. Turai ta wajabta haka ga masu shan isansi a 2001, masu gazwal kuma ƴan shekaru bayan nan. Ke nan kusan duk ƴar Kwatanon da ke yawo a titunan Zinder yau tana da ƙwaƙwalwa, tana kuma iya magana, in akwai mai jin yarenta. Cikakkiyar na'urar da ke jin yaren kowace mota, da littattafan gyaranta, suna hannun kamfani. Don haka mai mota a garin nan yana tsakanin wanda ya san shi amma bai cika sanin motar ba, da wanda ya san motar amma bai damu ya san shi ba.

Sharaɗin garanti shi ne ya fi ba ni dariyar takaici. Littafin motarmu ya ce a yi juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, kuma hatimin garejinsu ne kawai ake karɓa. Zuwa Yamai da dawowa kilomita 1,800 ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar da man zai yi, a hanyar zuwa canza shi za ta ƙare. Ƙara kuɗin gazwal, da kwana uku na direba, da haɗarin hanya, duk don aikin da yaron makanike ke gamawa kafin shayi ya nuna. Mun yi hakan sau bakwai saboda takarda, ranar da muka nemi takardar ta yi mana rana kuma aka ce ba ta shafi wannan ba. A wasu ƙasashen an daɗe da toshe wannan ƙofar. Amurka tana da doka tun 1975 da ta hana kamfani ɗaure garanti da cewa sai kayansa ko sai garejinsa, in ba kyauta zai yi ba. Tarayyar Turai ma, cikin ƙa'idojinta na 2002 da na 2010, ta bar wa mai mota ƴancin yin juye da ƙananan gyare-gyare a garejin da ya so ba tare da garanti ya faɗi ba, muddin an bi ƙa'idar aikin, ta kuma tilasta wa masu ƙera motoci su buɗe bayanan gyara ga garejoji masu zaman kansu. Kamfanonin da suka amince da wannan a can, motocinsu ne dai ake sayar mana a nan.

Na san amsar da za a ba ni, wani abokina ma'aikacin banki ya riga ya ba ni ita. Ya ce mutum nawa ne ke sayen sabuwar mota a Damagaram cikin shekara? Wa zai gina gareji na miliyoyi, ya ajiye ƙwararru da kayan gyara, saboda motocin da ba su taka kara sun karya ba? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, yawancinmu tsofaffi muke hawa. Amma a ƙidayar 2012 jihar Zinder ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙasar nan, sama da miliyan 3 da rabi. Matatar mai ta SORAZ tana nan kan hanyar Tanut tun 2011. Duk motar da za ta Gure, Maine da Difa ta nan take bi, haka da yawa cikin masu hawa Agadas daga kudu. Fararen motocin da na ƙirga a Yamai, da yawansu a wannan yankin suke aiki. Kuma ni ban ce a gina mana gidan gilashi ba. A zaɓi gareji biyu ko uku a garin nan, a horar da yaransu, a ba su na'ura da hatimi, a sayar musu da matata da baƙin mai na asali, a karɓi hatiminsu a littafin garanti. Abin da ya fi ƙarfinsu, a turo ƙwararre da mota sau ɗaya a wata, a sanar da ranar a rediyo. In duk wannan ya yi tsada, to a gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya ƙirga kuɗi, cewa garantin nan iyakarsa Yamai da kewaye, a rage masa farashinsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su kuwa sun karɓi ladan cif, ba su rage ko dala ba don mun fito daga nesa.

Wannan nisa ba aljihu kawai yake taɓawa ba. Akwai jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya ƙera miliyoyinsu da wani sinadari da zafi da danshi na shekaru ke lalatawa, har ya zamana in jakar ta tashi sai gwangwaninta ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska da wuya. Mutane sun mutu. A Amurka kaɗai an yi kiran a dawo da kusan miliyan 67 a canza kyauta, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Abin ya shafi motocin Honda, Toyota, Nissan, Mazda, BMW da wasu, musamman na shekarun 2000, wato daidai irin waɗanda ke mana tasi da jigilar yara lakwal. Wasiƙar kiran tana zuwa ne adireshin mai motar a Turai ko Amurka, ita kuwa motar ta daɗe da ƙetare teku, ta yi hannu huɗu, tana tsaye a tasha tana jiran fasinjan Matamaye. Da lambar jikin mota mai harafi da alƙaluma 17 ake gane wadda abin ya shafa, aikin minti biyu a intanet. Wakilin da ya ɗauki sunan mota ya kafa a ƙofarsa, a ganina, ya ɗauki nauyin irin wannan shelar ma, ko da ba shi ya sayar da motar ba. Ba zai yiwu a ce mai ƴar Kwatano ɗan gida ne ranar sayen kayan gyara, bare ne ranar da ransa ke cikin haɗari ba.

Hukuma ma tana da nata. Tun 2015 ƙasar nan take da dokar kare haƙƙin masu saye, akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata da ke wannan fafutukar. Amma mai motar da aka hana garanti, gaban wa zai kai kwalin injektansa a duba a ce kamfani ya yi daidai ko bai yi ba? Wanda ake ƙara shi ne mai na'urar binciken. Ga kuma harshe. A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma yayana, wanda ke juya miliyoyi da ka ba tare da kuskuren dala ba, ya sa hannu a shafi shida na sharuɗɗan da ba wanda ya karanta masa su cikin harshen da yake ji. Ni da na yi lakwal ma, na furta, ban karanta ƙananan rubutun ba sai a ɗakin jira, bayan aikin gama ya gama.

Nan ne namu laifin yake, kuma ba ƙarami ba ne. Muna da kunyar tambaya a wurin da aka sa sanyi da gilashi. Mutumin da zai yi awa guda yana taya buhun wake, ya zura hannu har ƙasan buhu ya duba ko da ƙwari, shi ne zai shiga garejin kamfani ya sunkuyar da kai, a miƙo takarda ya sa hannu, ya fito yana cewa Allah ya isa a cikin mota. Muna ganin neman rasit ko cewa a ba ni tsohon kayan kamar zargi ne. A garejin unguwa kunyar sabo ke rufe mana baki, a na kamfani kuma kunyar kada a ce baƙauye ne. Ni kaina sai a rana ta takwas na ɗaga murya, shi ma da na yi sai da na ba da haƙuri.

Kwalin yana nan a shago ƙarƙashin tebur. Na kai wa dattijon Sabon Gari ya gani. Ya juya famfon a hannu, ya shafa cikinsa da yatsa ya nuna mini ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a rana, ya ce, "Wannan kam ruwa ya sha, ba su yi maka ƙarya ba." Injektan kuwa ya ce da ido ba a gane mai rai da matacce, sai an ɗora su a na'urar gwaji, shi kuma ba shi da ita. Ya kira direba ya nuna masa inda ake zubar da ruwan matata, ya sa shi ya kwance ya ɗaure sau uku a gabansa. Ɗansa na biyu, wanda ya gama makarantar koyon sana'a, ya sayo wata ƴar na'ura a Kano da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya. Uban yana kiranta abin wasan yara, amma na lura in mota ta gagara yakan ce a kira masa yaron.

Jiya da dare direba ya ce saura kilomita 300 lokacin juye ya yi. Yaya ya dube ni ya ce, "To, Malam mai takardu, Yamai ko gindin bedi?" Garanti yana da sauran fiye da shekara a gaba, giya da injin duk suna ƙarƙashinsa. Na ce ya bar ni in kwana da maganar. Da safe na tarar har ya aiki yaro tasha da kuɗin matata biyu na asali, ya ce ɗaya a ajiye bayan kujera.